Daftarin Sha'iri a Ɗakin Karatun Jami'a: Abin da Ake Adanawa da Yadda Ake Tsara Shi

Idan babban marubucin waƙa ya kwanta dama, aka gama zaman makoki aka watse, akan bar iyalinsa da akwati ko buhu cike da takardu. Wasu littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, wasu warwara ne a cikin gafaka, wasu kuwa bayan ambulan ne ko gefen jarida, inda baiti ya faɗo masa ya yi maza ya rubuta kafin ya kuɓuce. Daga nan ake fara saɓani. Wani ya ce ai waƙoƙin an buga su tun tuni, waɗannan tarkace ne. Wani ya ce a ɗauki hotonsu da waya a huta. Wani kuma da ya ji an ambaci jami'a sai hankalinsa ya tashi, yana ganin za a raba su da gadon mahaifinsu a kulle inda ko su ba za su ƙara gani ba. Kowanne daga cikin ukun akwai abin da ya hango, amma akwai ruɗani a cikin maganar, kuma ruɗanin yana jawo asarar da ba a iya mayarwa.

Kalmomin da za a riƙa cin karo da su

Sha'iri a nan shi ne mai tsara baitoci a rubuce bisa kari da amsa-amo, irin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu. Ya bambanta da makaɗi irin Mamman Shata, wanda fasaharsa a baki da kalangu take zaune. Daftari shi ne rubutun da sha'iri ya yi yana kan aiki, mai soke-soke da gyare-gyare. Idan ya gama ya sake juye waƙar tsaf da hannunsa, wannan shi ne tsabtataccen kwafi. Idan kuwa almajirinsa ne ko wani mai sha'awa ya juya, ya zama kwafin wani hannu. Duka ukun rubutun hannu ne, amma darajarsu wajen bincike ba ɗaya ba ce.

Fihirisa ita ce kundin da ke bayyana kowace takarda: mece ce, ta wa ce, yaushe aka rubuta, a ina take ajiye. Ma'aikatan laburare kan ce katalog. Adanawa kuwa iri biyu ce. Akwai kariya, wato hana takarda lalacewa tun kafin ta fara, akwai kuma gyara, wato ɗinke ɓarnar da ta riga ta auku. Sikanin shi ne ɗaukar hoton takarda da na'ura a zuba a kwamfuta. Kafin zuwansa da maikurofim ake yi, wato siririn fim da ake ɗaukar shafuka a kai a karanta da na'ura mai ƙara girma.

Abin da ke cikin daftari wanda babu a littafi

A ɗauka ga wata takarda mai baiti ƙwar biyar. A ɗango na huɗu an soke kalma sau biyu. Ta farko ta karya kari, domin ta kawo gaɓa mai nauyi a gurbin marar nauyi. Ta biyu ta zauna daidai a kari amma ta raunana ma'ana. Ta uku ce ta tsaya, kuma ita kaɗai mai karanta littafi zai gani. A gefen shafin an rubuta sunan wani mutum an shafe, an maye gurbinsa da habaici. Mai nazarin da ya riƙe wannan takarda ya ga yadda sha'irin ke auna magana, ya ga abin da ya so ya faɗa ya fasa, ya kuma san wanda aka yi habaicin dominsa. Littafin da aka buga ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ga waƙar Hausa akwai wani dalili da ya fi wannan ƙarfi. Da yawa daga cikin sha'iranmu da ajami suka rubuta, sannan aka juya zuwa boko domin bugawa. Ajami yana nuna tsawon wasali da alif da wawu da ya, ƙa'idar rubutun boko kuwa ba ta nunawa. Tun da karin waƙa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, takardar ajami tana gaya wa mai karatu yadda mai waƙar ya ja kalma ko ya taƙaita ta, bokon kuwa ya bar shi da kintace. Ƙari a kan haka, mai juyawa da edita sukan daidaita karin harshe, Sakkwatanci ko Haɗejanci ya koma daidaitacciyar Hausa, wani lokaci har amsa-amo ya gurɓace. Idan asalin ya ɓace, babu inda za a koma a gwada.

Sannan abin da aka buga tsakure ne. Fasaha Aƙiliya, wanda Ɗalhatu Muhammad ya shirya aka buga a 1977, zaɓaɓɓun waƙoƙi ne, kuma Aƙilu Aliyu ya rayu har 1999 yana rubutu. Littafin Ɗandatti Abdulƙadir na 1974 a kan Sa'adu Zungur ya fito ne shekara goma sha shida bayan rasuwar sha'irin. Duk wanda ya ce littafi ya wadatar, ya amince ke nan da zaɓin edita ɗaya a lokaci ɗaya.

Yadda aka faro tarawa

Tara rubutun hannu a jami'o'in wannan yanki ya yi ƙarfi ne daga shekarun 1950 zuwa 1970. Ɗakin karatun Jami'ar Ibadan ya fara tun a shekarun 1950, sannan a 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a can, wadda tsarinta shi ne a ari littafi a wurin mai shi, a ɗauka a maikurofim, a mayar masa. A Zariya an yi shirin binciken tarihin Arewa ƙarƙashin Abdullahi Smith, inda Murray Last ya yi aikin tarawa, daga baya kuma Smith ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Jami'ar Bayero ta Kano ta tara nata, Sakkwato na da cibiyar tarihi mai sunan Waziri Junaidu. A Yamai, abin da Boubou Hama ya tara shi ne tushen taskar da ke cibiyar binciken Jami'ar Abdou Moumouni, mai rubutun hannu kimanin 4,000. A Gana, cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar da ke Legon ta tara takardun malaman zango, ciki har da waƙoƙin Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete Krachi a 1934.

Wannan aiki ne da ya cancanci yabo, amma yana da inda ya karkata. Masu tarawar galibi masana tarihi ne da ke neman littattafan jihadi da wasiƙun sarakuna da Larabci. Waƙoƙin ajami sun shigo a matsayin 'yan rakiya, kuma sau da yawa bayaninsu a fihirisa bai wuce layi ɗaya ba. Masana irin su Mervyn Hiskett da Bello Sa'id sun yi ƙoƙari wajen tattaro waƙoƙin ƙarni na 19 da nazarinsu. Abin da kusan babu wanda ya sa a gaba shi ne daftarin sha'irin ƙarni na 20, mutumin da a lokacin yana raye, yana zuwa gidan rediyo yana rera waƙa, ba wanda ke kallon littafin rubutunsa a matsayin kayan tarihi.

Abin da ke cin takarda

Mutane kan ɗauka cewa mafi tsufa shi ne mafi kusa da lalacewa. Ga takarda sau da yawa akasin haka ne. Takardar da malaman ƙarni na 19 suka yi rubutu a kai, wadda idan aka ɗaga ta ga haske ake ganin tambarin jinjirin wata uku, daga arewa maso gabashin Italiya take zuwa ta Tarabulus da Masar, kuma da tsummokara ake yin ta. Tana iya shekaru ɗaruruwa. Littafin rubutun da sha'iri ya saya a kanti a 1960 kuwa da dusar itace aka yi takardarsa, kuma irin wannan takarda tana da tsami a jikinta, wato sinadarin asid, wanda ke sa ta yi ja ta bushe ta riƙa karyewa da kanta ko ba a taɓa ta ba.

Tawada ma haka. Zuge, wadda ake yi da gawayi da ƙaro, ba ta koɗewa a haske, sai dai ruwa na wanke ta. Yambari, mai bagaruwa da ƙarfe a ciki, tana kama takarda ta zauna, amma idan ta ji laima takan ci takardar har harafi ya zama huji. Biro da alƙalamin ruwa na zamani sukan dushe ko su naso zuwa bayan shafi.

Yanayinmu yana ƙara wa abin wuya. Da damina laima kan hau, kuma da zarar ta haura kashi 65 cikin ɗari fumfuna ta samu wurin zama. Da hunturu iska ta bushe ƙayau, takarda ta ƙanƙance, ƙura ta shiga ko'ina. Gara kan cinye akwati daga ƙasa ba a sani ba, ga kyankyasai da ɓeraye. Masana adana takardu sun fi son ɗaki mai sanyi daidai wanda laimarsa ba ta hawa da sauka. A nan ne na'urar sanyaya ɗaki ke iya zama cuta: idan wuta na zuwa tana ɗaukewa, ɗakin ya yi sanyi da safe ya yi zafi da rana, takarda tana buɗewa tana tsukewa kullum. Ɗaki mai kaurin bango da iska ke ratsawa, da akwatunan kwali marar asid a kan kanta nesa da ƙasa, ya fi irin wannan na'ura amfani.

Ɓarna mafi ban takaici ita ce wadda ake yi da kyakkyawar niyya. Salatif da aka manna a yagewa yakan bar tabo mai maiƙo da ba ya fita. Fil da ƙarfen maƙale takarda sukan yi tsatsa. Fiya-fiya da ake fesawa don kashe ƙwari tana cutar da takarda da mai karanta ta. Laminatin, wato rufe takarda da leda a gasa ta da zafi, shi ne mafi muni, domin ba a iya warware shi, kuma mutane sun fi yi wa takardar da suka fi ƙauna.

Fihirisa: inda ainihin aikin yake

Takardar da aka kai jami'a aka kulle ba a rubuta bayaninta ba, ta tsira daga gara ne kawai. Ɗalibin da ke nemanta ba zai san tana nan ba, ma'aikacin da ya karɓe ta zai yi ritaya, kuma idan wani ya zare shafi goma ba wanda zai lura. Don haka fihirisa ita ce ke mayar da tarin takardu taska.

Ƙa'ida ta farko ita ce kada a taɓa jerin da aka samu kayan a kai. Ana so a bar takardun mutum ɗaya wuri ɗaya, kuma a bar su yadda ya jera su, ko da jerin ya yi kama da hargitsi. Labarin Emily Dickinson, sha'irar Amurka da ta rasu a 1886, ya isa misali. Ta bar waƙoƙi kusan 1,800, da yawansu a cikin ƙananan littattafai arba'in da ta ɗinke da zare da hannunta. Editocin farko, waɗanda suka fara buga waƙoƙin a 1890, sun warware ɗinkin, sun sa wa waƙoƙin take, sun gyara mata alamomin rubutu har da wasu kalmomi. Rikici tsakanin gidaje biyu ya raba takardun, kashi ɗaya ya tafi Jami'ar Harvard a 1950, ɗayan ya tafi Kwalejin Amherst a 1956. Sai a 1981 wani masani, R. W. Franklin, ya iya mayar da shafukan jerinsu na asali, ta hanyar bin hujin allura da tabon tawada da irin dattin da shafi ya bar wa maƙwabcinsa. Aikin shekaru aka yi don gyara abin da almakashi ya ɓata cikin ɗan lokaci.

Wannan haɗari ya fi kusa da mu, domin littafin malamanmu ba a ɗinke yake ba. Warwara ne a tsakanin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata a sa a gafaka. Abin da ke riƙe da jerin shi ne kalmar da mai rubutu kan sa a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta shafi na gaba. Daftari kuwa sau da yawa ko wannan babu. Saboda haka kafin a motsa komai, ana ɗaukar hoton ɗaurin yadda yake, sannan a bi warƙa-warƙa a sa lamba da fensir a kusurwa. Takardar kuɗin haya ko wasiƙar da aka tarar a tsakiya ba a cire ta, domin mai yiwuwa ita ce za ta nuna shekarar da aka yi waƙar da ke kusa da ita.

Abu na biyu shi ne gane ko hannun wa ne. Sha'iranmu kan sa sunansu a baitocin ƙarshe, amma wannan yana nuna mai waƙa ne, ba mai rubutun ba, domin mai kwafa ma zai juye sunan yadda ya gan shi. Ana gane hannu ne ta gwada shi da abin da aka tabbatar nasa ne, kamar wasiƙa mai sa hannu, da kuma shaidar 'ya'ya da almajirai. Wani lokaci hannun mai waƙar babu shi sam. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, wasu ne suka rubuta daga bakinsa, don haka a irin nasa sunan wanda ya rubuta da lokacin da ya rubuta su ne abin nema. Wani lokaci kuma waƙa ɗaya masu ita uku ne. Tabbat Haƙiƙa, Shehu Usmanu ne ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu. Fihirisar da ke da gurbin marubuci ɗaya tak dole ta zalunci biyu daga cikinsu.

Sai kwanan wata. Yawancin tsofaffin waƙoƙi da ramzi suke rufewa, wato kalmar da idan aka tara lissafin haruffanta za ta ba da shekarar hijira. A nan akwai tarko. Lissafin haruffa na Magrib, wanda malamanmu ke bi, ya saɓa da na Gabas a wasu haruffa. A namu harafin shin 1,000 ne, harafin sin 300. A na Gabas shin 300 ne, sin 60. Ramzin da ya haɗa shin da sin, a lissafinmu 1300 ne, wato wajen 1882 zuwa 1883 na miladiyya. Wanda ya yi karatunsa da lissafin Gabas zai samu 360, ya jefa waƙar baya da fiye da shekara ɗari tara. Ko an lissafa daidai, ramzi shekarar da aka yi waƙa yake nunawa. Takardar da ke hannu mai yiwuwa an juye ta ne shekara hamsin bayan haka, kuma fihirisa ta gari tana rarrabe waɗannan biyun.

Waƙoƙi da dama ba su da take, ko kuma kowane gari da sunan da yake kiransu. Shi ya sa ake rubuta ɗangon farko da na ƙarshe, da amsa-amo, da kari, da yawan baitoci, da ajami da boko duka, don mai nema ya samu ta kowace hanya ya biyo. Wannan yana nuna irin mutumin da aikin ke buƙata: wanda ya san ƙa'idar laburare, ya iya karanta ajami irin na warash mai harafin fa da ɗigo a ƙasa, yana kuma da kunnen waƙa. Da wuya a samu ukun a mutum ɗaya, don haka aikin na haɗin gwiwa ne tsakanin ma'aikacin ɗakin karatu da malamin sashen Hausa da malamin zaure.

Inda ra'ayi ya rabu

Saɓani na farko tsakanin gida ne da jami'a. Masu cewa a bar takardu a gida suna da hujja: a can ake karanta su, a can albarkarsu take, kuma an sha jin iyalan da suka ba da aro ba a dawo musu da shi ba. Nana Asma'u ta rasu a 1864, amma gidan Waziri a Sakkwato ya riƙe rubuce-rubucenta har Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar da su a littafi a 1997. Sai dai ba kowane gida ne gidan Waziri ba. Inda babu magajin da ya gaji karatun, rabon gado kan raba takardu kashi-kashi, daftarin waƙa ɗaya ya rabu gida uku. Wasu kuma, saboda girmama sunan Allah da ayoyin da ke ciki, sukan ƙone takardar da ta tsufa ko su binne ta. Niyyar mai kyau ce, amma abin da ya tafi ya tafi.

Na biyu shi ne tsakanin cikin ƙasa da ƙasashen waje. Ɗakin karatun Malam Umaru Falke, attajiri kuma malamin Tijjaniyya a Kano wanda ya yi rubuce-rubuce da waƙoƙi ya rasu a 1962, yanzu yana Jami'ar Northwestern a Amurka, abu sama da 3,000. An riƙe shi a dunƙule, an yi masa fihirisa, har Abdullahi Mohammed ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a 1978. Wanda ya ce da a Kano aka bar shi da ya watse, ba za a iya ƙaryata shi kai tsaye ba. Wanda ya ce ɗalibin Kano ba ya iya zuwa ya taɓa takardun kakansa sai da biza, shi ma gaskiya ya faɗa. Tsarin da ya fi adalci a yau shi ne irin na shirin ceto taskokin da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004: asali ya zauna a ƙasarsa, hoto ne kawai ke fita, kuma a bar kwafin hoton a gida.

Na uku shi ne batun sikanin. Amfaninsa a fili yake. Yana rage taɓa takarda, yana kai ta ga mai nazari a ko'ina, kamar yadda aikin ajami na Fallou Ngom a Jami'ar Boston ya nuna, kuma idan gobara ko fitina ta auku, irin wadda ta cinye dubban takardu a cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu a 2013, ba a rasa komai da komai ba. Amma hoto ba ya nuna tambarin cikin takarda sai an ɗauke shi musamman, ba ya nuna hujin allura, kuma sau da yawa ba ya bambance tawadar rubutun farko da ta gyaran da aka yi bayan shekaru. Hoton kansa ma ajiya yake buƙata, domin faifai na mutuwa, waya na ɓacewa. Hoto dubu goma marasa fihirisa kuwa wani sabon buhun ne a cikin kwamfuta.

Na huɗu ya fi sauran nauyi a zuciya: shin sha'irin ya yarda a ga abin da ya soke? Zamanin jam'iyyun NEPU da NPC an yi waƙoƙi masu zafi, kuma a daftari akan samu zambon da mai shi ya janye da kansa, game da mutanen da jikokinsu ke raye. A cikin takardun malami kuma akan tarar da asirai da laƙani da bayanin bashi. Ra'ayin da ya fi rinjaye a wannan fage shi ne kada a lalata, kada kuma a baza. A rubuta a fihirisa cewa abin yana nan, a rufe shi na wasu shekaru da aka yi yarjejeniya a kansu, ko a ce sai da izinin iyali.

Akwai kuma masu cewa waƙar Hausa a murya take, takarda mataimakiya ce kawai. Suna da gaskiya mai yawa. 'Yan ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin da takwarorinsu a rediyo jama'a ta san su, kuma sha'iri kan sauya kalma yana cikin rerawa. Abin da wannan ke nufi shi ne kaset ma wani daftari ne, ya kamata ya shigo tare da takardun, fihirisa ta haɗa kowace waƙa da muryarta.

Mallakar takarda da mallakar waƙa

Yawancin tsoron iyali daga nan yake tasowa. Mallakar takarda daban, haƙƙin waƙar da ke kanta daban. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba aikin adabi kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. Ke nan haƙƙin waƙoƙin Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, yana nan har ƙarshen 2028, na Aƙilu Aliyu kuwa har 2069. Jami'ar da aka ba takardu ba ta samu ikon bugawa ta sayar ba sai an rubuta mata haka.

Bayarwar ma iri-iri ce. Akwai kyauta, akwai sayarwa, akwai ajiya ta amana inda takardun ke nan a matsayin na iyali, jami'a tana kula da su kawai. Akwai kuma wakafi, wanda shari'a ta sani tun da daɗewa game da littattafai, kuma yana hana a sayar ko a raba. Ko wacce aka zaɓa, a rubuta ta, magada su sa hannu, a haɗa da jerin abin da aka miƙa warƙa-warƙa, a ba iyali kwafin hotunan da na fihirisar, a kuma fayyace cewa suna da damar zuwa su gani duk lokacin da suka so.

Abin da ake iya tsammani

Inda aka yi aikin yadda ya kamata, abu na farko da zai fito shi ne ingantaccen bugu, wanda ke nuna saɓanin kwafe-kwafe a ƙasan shafi maimakon edita ya zaɓi ɗaya ya yi shiru. Gardamar wa ya yi wace waƙa za ta samu hujjar da ta wuce ji-ta-ji-ta. Masu ƙamus za su samu kalmomin da suka fita daga bakin mutane, masu tarihin siyasa su samu abin da jarida ba ta buga ba. Ba aiki ne mai tsada sosai ba idan aka gwada da gini: kwali marar asid, kanta, fensir, kyamara, da albashin mutum biyu ko uku masu haƙuri.

Abin da ba ya jira shi ne shaidu. Waɗanda za su kalli shafi su ce wannan hannun Malam ne, wancan na almajirinsa ne, wannan baitin kuma ranar kaza ya yi shi saboda kaza, yawancinsu sun manyanta. Ya kamata mai fihirisa ya zauna da su da takardun a gabansu, ya rubuta abin da suka faɗa da sunan wanda ya faɗa.

Sha'iran yau kuma sun zo da wata matsalar. Da yawansu a waya suke rubutu, su tura ta WhatsApp ko su sa a Facebook, kuma kowane gyara yana shafe abin da ya gabace shi. Ɗakin karatun da ke son ya samu daftarinsu sai ya neme su tun suna raye, ya roƙe su su riƙa ajiye kowane zubi da kwanan watansa, da saƙonnin murya inda suka gwada rerawa, a kuma yi yarjejeniyar wanda zai karɓi kayan da lokacin da za a buɗe su.